Kayan Gida Ne, Ba Na Aro Ba: Raddi Ga Masu Korar Falsafa Daga Zaure

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin zaurukan karatu da azuzuwan jami'o'inmu, har ta kusa zama gaskiyar da ba a musu a kanta, wai falsafa baƙuwa ce a wurin Musulmi. Mutane iri biyu ne suke riƙe da wannan magana, kuma abin mamaki shi ne ba sa ga-maciji da juna. Kashi na farko su ne waɗanda da zarar sun ji an ambaci falsafa sai su yi a'uziyya, su ce surkullen Yunanawa ne da aka cusa wa addini domin a gurɓata shi. Kashi na biyu kuwa su ne wasu 'yan boko da suka ƙoshi da littattafan Turai, waɗanda a ganinsu tunani mai zurfi a Atina aka haife shi, ya yi barcin shekara dubu, sa'an nan ya farka a Faransa da Jamus. Na farko suna korar baƙuwar da sanda, na biyu suna yi mata shimfiɗa, amma dukkansu sun yarda cewa baƙuwa ce. Mu kuwa mun ce 'yar gida ce, kuma za mu kafa hujjarmu da mas'ala ɗaya tak, wato mas'alar samuwa da mahiyya.

Bari mu fara fayyace kalmomin, domin kada a ce mun ɓuya a bayan Larabci. Duk abin da aka ambata wa mutum, yana iya yin tambaya biyu a kansa: mene ne shi, kuma akwai shi? Yaron da ya tashi yana sauraren tatsuniya ya san ko mene ne Dodo, zai siffanta maka shi tun daga gashi har farce, amma ko akwai Dodo a bayan gari, wannan wata tambaya ce daban. Haka magini yake ɗauke da siffar soro a ƙwaƙwalwarsa tun ba a kwaɓa ƙasa ba. Amsar tambaya ta farko ita malaman falsafa suke kira mahiyya, kalmar da suka ƙera daga tambayar Larabci mai ma'anar “mene ne shi”. Amsar ta biyu ita ce wujudi, wato samuwa. Harshen Hausa da kansa ya raba waɗannan biyu tun kafin wani ya karanta littafi, domin idan Bahaushe ya ce “doki ne” ya faɗi mahiyya, idan kuwa ya ce “akwai doki” ya tabbatar da samuwa. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya yi dogon bayani a cikin Kitabul Huruf a kan wahalar da masu fassara suka sha, saboda Larabci ba shi da kalma guda da ta yi daidai da wadda Yunananci da Farisanci suke ƙulla jimla da ita. Mu da harshenmu ya ba mu “ne” da “akwai” a rarrabe, mu ne za a ce wannan tambaya ta fi ƙarfinmu?

Ba mu musun cewa Aristo ya riga kowa rarrabe tambayoyin nan biyu a littafinsa na hujja, wanda aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza. Sai dai abin da ya hura wa mas'alar wuta a tsakanin Musulmi daga cikin gida ya taso. Malaman ilmul kalami sun lura cewa Alƙur'ani, a aya ta 40 ta Suratun Nahli da aya ta 82 ta Suratu Yasin, ya kira abin da Allah Yake nufin samarwa da sunan “abu” tun kafin ya samu. Daga nan gardama ta ɓarke. Akasarin Mu'utazilawa suka ce abin da babu shi, matuƙar yana iya samuwa, to abu ne. Abul Hasan Al'ash'ari, wanda ya rasu wajen 935, da mabiyansa suka ce a'a, abu da samamme duk ɗaya ne, wanda babu shi ba kome ba ne. Ka ga ke nan tun kafin a haifi Ibnu Sina, malaman tauhidi suna ta kokawa da tambayar ko zaman abu abu daban yake da samuwarsa.

Ibnu Sina, wanda aka haifa kusa da Buhara wajen 980 ya kuma rasu a Hamadan a 1037, shi ne ya ɗauki wannan gardama ya mai da ita ginshiƙin gini. A cikin Asshifa da Al'isharat ya nuna cewa mutum yana iya fahimtar ma'anar zane mai kusurwa uku sarai, alhali yana shakkar ko akwai irinsa a waje. Da samuwa wani yanki ce na ma'anarsa, da wannan shakka ba ta yiwu ba. Haka abin yake ga doki da dutse da mutum da tauraro. Babu ɗayansu da za ka tona mahiyyarsa ka tarar da samuwa a ciki. Saboda haka kowanensu mai yiwuwa ne kurum, samuwarsa da rashinsa sun yi kunnen doki, kuma ba zai samu ba sai wani abu ya rinjayar da ɗaya a kan ɗaya. Idan wanda ya rinjayar ɗin shi ma mai yiwuwa ne, tambayar tana nan ba ta gusa ba. Ko ka tara dukkan masu yiwuwa wuri guda, komai yawansu, taron nasu shi ma mai yiwuwa ne, domin gari guda na matsiyata ba ya zama attajiri don yawan jama'arsa. Tilas ne a tuƙe ga Wanda samuwarSa ba ta aro ba ce, Wanda Ibnu Sina ya kira Wajibul Wujudi. A wurinsa, Shi kaɗai ne ba Shi da wata mahiyya daban da samuwarSa. Daga nan ya fitar da kaɗaitaka: da su biyu ne, da sun yi tarayya a wajabci sun bambanta a wani abu, kowanensu ya zama haɗaɗɗe, haɗaɗɗe kuwa mabuƙaci ne ga yankunansa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A wannan mahanga duk wata halitta da zanen aro take yawo.

Wannan bayani bai wuce haka nan salin-alin ba. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya zargi Ibnu Sina da mai da samuwa wata siffa da ake liƙa wa abu daga baya, ya ce in haka ne ita ma samuwar tana buƙatar wata samuwar, abin ya zama ba iyaka. Suhrawardi, wanda aka kashe a Halab a 1191, ya ce samuwa wata ma'ana ce da hankali yake ƙagawa, babu wani abu a waje da za a nuna a ce ga ta. Fahruddini Arrazi, babban malamin Ash'ariyya mai tafsiri, wanda ya rasu a 1210, ya tsaya a kan cewa samuwa ƙari ce a kan mahiyya. Shekaru ɗaruruwa aka kwashe ana wannan fafatawa daga Andalus har zuwa Hurasan, malamai suna warware hujjar juna da hujja. Wannan ita ce dukiyar da ake so mu yarda cewa ba tamu ba ce.

To, yanzu sai mu juya ga kashi na farko, masu a'uziyya. Muna tambayarsu: wane littafi ne ya fi yawo a zaurukan tauhidi na ƙasashen Hausa da Barno da sauran yammacin Afirka, in ba Ummul Barahin ta Shehu Sanusi na Tilimsan ba, wanda ya rasu a 1490? Wannan ɗan ƙaramin littafi da hukunce-hukuncen hankali guda uku ya buɗe, wajibi da mustahili da ja'izi, waɗanda su ne ma'aunan da Ibnu Sina ya auna samammu da su. Sa'an nan ya jera siffofi 20 da suka wajaba ga Allah, ta farkonsu kuwa ita ce wujudi. Daɗin daɗawa, a cikin sharhin da Sanusi ya yi wa littafin da kansa, ya tsaya a daidai wannan gaɓa ya bayyana cewa lissafa wujudi a cikin siffofi akwai sassauci a cikinsa bisa mazhabar Al'ash'ari, domin a wurinsa wujudi shi ne zatin kansa, amma bisa ra'ayin Arrazi, mai cewa wujudi ƙari ne a kan zati, lissafin daidai yake ba wani sassauci. Ya mai karatu, wace mas'ala ce wannan in ba ta samuwa da mahiyya ba? Ga ta nan zaune daram a kan siffa ta farko da ake biya wa almajiri. Tun a ƙarni na 17 malamai irin su Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, mai Almanhajul Farid, suke yi wa wannan aƙida sharhi, suna ɗebowa daga bayanan da aka daɗe ana yi da Fulatanci. Wanda yake karantar da wannan littafi da safe, ya hau mumbari da yamma ya ce tambayar wujudi ta arna ce, rashin sani ne ya sa kazarsa ta kwana a kan dami.

Mun san abin da za su ce. Za su ce ai Imamu Gazali ya rushe falsafa tun 1095 da littafinsa Tahafutul Falasifa. Muna roƙonsu su buɗe littafin su ƙirga. Mas'aloli 20 ya tattauna, a cikin uku kaɗai ya yanke hukuncin kafirci: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa a ɗaiɗaikunsu ba, da musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. Maganar Ibnu Sina cewa Allah samuwa ce tsantsa ba tare da wata mahiyya ba tana cikin sauran 17, kuma Gazali da hujjar hankali ya yaƙe ta, bayan ya karanci littattafan mutanen har ya iya tsara ra'ayoyinsu fiye da yadda wasunsu za su iya. Shi ne kuma ya sanya manɗiƙi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi, Almustasfa, yana ganin ilmin wanda bai san shi ba abin ɗari-ɗari ne. Za su ce Sanusi ya yi gargaɗi a kan littattafan da aka cika da zancen masu falsafa. Haka ne, amma mai farawa ya yi wa gargaɗin, shi kuwa da kansa ya wallafa littafi a kan manɗiƙi. Za su kawo Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328. Shi ma bai toshe kunne ba. A raddinsa ga masu manɗiƙi ya shiga tsakiyar wannan mas'ala ya ɗauki matsayi, ya ce bambancin mahiyya da samuwa bambanci ne tsakanin abin da ke cikin ƙwaƙwalwa da abin da ke waje, amma a waje samuwar abu ita ce haƙiƙarsa. Wannan amsa ce ta wanda ya yi karatu, kuma ta fi kusa da ta Al'ash'ari fiye da yadda mabiyan ɓangarorin biyu suke son a faɗa.

A nan gida ma tarihi bai goyi bayansu ba. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shi ne ya mayar wa Imamu Suyuɗi martani a lokacin da ya haramta manɗiƙi, yana kare wannan fanni. Gaskiya ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce da dama yana yaƙar ɗaliban ilmul kalami da suke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin aƙida ba, kuma muna tare da shi ɗari bisa ɗari. Imanin tsohuwa mai daka da na manomi ba ya jiran Ibnu Sina. Amma kare talaka daga kafirtawa daban, rufe wa ɗalibi littafi daban. Jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadiza, wato Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, a cikin wannan gida ya tashi, ya karanci ilmin hikima, ya kuma yi rubutu a kan asalin halitta da martabobin samuwa. Ashe masu korar falsafa a yau sun fi gidan Shehu kishin addini ke nan?

Sai kashi na biyu, waɗanda laifinsu bai gaza na farko ba. A wurinsu maganar samuwa da mahiyya ta fara ne a watan Oktoba na 1945, ranar da Jean-Paul Sartre ya tsaya a Paris, babban birnin Faransa, ya yi laccar da ya ce a wurin ɗan Adam samuwa ita ke gaba da mahiyya. Misalin da ya kawo na maƙeri ne mai ƙera 'yar wuƙar yanka takarda: siffarta da amfaninta suna cikin kansa kafin ya ƙera ta. In akwai Mahalicci, a cewarsa, to mutum kamar wannan wuƙa yake. Tun da shi kuwa bai yarda da Mahalicci ba, sai ya ce mutum yana fara samuwa ne, daga baya ya ƙera kansa da zaɓinsa. Ana karantar da wannan a darussan falsafa da na adabi, kuma babu laifi a karantar da shi. Laifin shi ne a ɓoye wa ɗalibi asalin ma'aunin da Sartre ya yi awo da shi. A ƙarni na 12 aka fassara sashen ilahiyyat na Asshifa zuwa Latin a birnin Toledo, kuma Tomas Akwinas, babban malamin Kirista da ya rasu a 1274, ya rubuta ɗan littafinsa a kan samamme da mahiyya yana ambaton Ibnu Sina tun daga gabatarwa. Ta wannan ƙofa rarrabewar ta shiga makarantun Turai ta zauna. Malamin da ya fara labari daga Aristo ya yi tsalle zuwa Akwinas, ya bar shekaru ɗari huɗu na Bagadaza da Buhara da Ƙurɗuba a layi biyu, ya ci amanar tarihi.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ɗalibanmu ba sa jin labarin Mulla Sadra, wanda aka haifa a Shiraz wajen 1571. Malaminsa Mir Damad yana kan ra'ayin cewa mahiyya ce asali. Shi ma Sadra a kan haka ya fara, daga baya ya juya, ya gina littafinsa Al'asfarul Arba'a a kan cewa samuwa ita ce haƙiƙar da take waje, mahiyya kuwa iyaka ce da hankali yake yanka mata. Ya ce samuwa haƙiƙa ɗaya ce mai hawa-hawa, kamar yadda hasken rana da na wata da na aci-balbal duk haske ne, ƙarfi da rauni suka bambanta su. Ya ƙara da cewa motsi yana shiga har cikin jauharin abu, don haka ran ɗan Adam yana farawa ne a jingine da jiki, yana ta ƙaruwa a samuwa ta hanyar ilmi da aiki, har abin da mutum ya saba aikatawa ya zama shi ne shi. Kada wani ya yi gaggawar cewa ai Sartre ne na Musulmi, domin tsakaninsu akwai tazara mai nisa: Sadra ya fifita samuwa ne don ya ga kome yana rataye da Wajibul Wujudi, shi kuwa Sartre don ya ga babu kowa a sama. Amma kimanin shekara 300 kafin laccar Paris, wani Musulmi ya riga ya faɗi cewa mutum ba gamammen abu ba ne, bai kuma buƙaci ya kori Mahalicci kafin ya faɗa ba. Masu cewa ai ɗan Shi'a ne, muna tuna musu cewa ba mubaya'a muka nema a yi masa ba. A karanta shi, wanda yake da hujja ya rushe shi, kamar yadda Gazali ya karanta kafin ya rushe.

Wani zai ce, to ina ruwan mai neman abin kai wa bakin salati da wannan dogon Turanci? Ruwansa yana nan a kan 'ya'yansa. Saurayi ya baro gida da haddar siffofi 20, ba a taɓa buɗe masa abin da ke ƙarƙashin ta farkonsu ba. A gida an gaya masa hali zanen dutse ne, ɗan wane ba ya wuce abin da aka san gidansu da shi, kamar dai asali da sana'ar gado su ne mahiyyarsa. Ya zo jami'a, a shekararsa ta farko aka gaya masa ba shi da wata mahiyya sam, shi zai ƙera kansa, kuma sharaɗin wannan 'yanci shi ne babu Mahalicci. Yaro mai kaifin hankali da aka ajiye tsakanin waɗannan biyu, ɗayan abu biyu yake yi: ko ya rufe hankalinsa don ya tsira da imaninsa, ko ya riƙa ɓoye shakka a zuci yana sallah da jama'a. Alhali magabatansa sun tanadi amsoshi da dama da suka fi waɗannan biyu ƙarfi. Ko a ma'aunin Ibnu Sina, ƙabila da launi da sana'ar uba ba sa cikin mahiyyar mutum, abubuwa ne da suke bijiro mata daga waje. A ƙasa irin tamu, inda ake yanke wa mutum hukunci da jin sunansa, wannan ba ƙaramin darasi ba ne. Duk wanda ya hana yaro wannan ilmi, ko da sunan tsare aƙida ko da sunan wayewa, ya tura shi fagen fama ba garkuwa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka kiranmu ga sassan koyar da Hausa da na Larabci da na falsafa shi ne su haɗa hannu a kan aiki ƙayyadadde. A fassara babin wujudi na Al'isharat da bayanin Sanusi a kan siffa ta farko zuwa Hausa mai daɗin karatu, a ajiye su gefe da gefe, ɗalibi ya gani da idonsa cewa zance ɗaya suke yi. A zauna a daidaita kalmomi, a san inda za a ce zati da inda za a ce mahiyya, da inda samuwa ta isa ba sai an ce wujudi ba. A nemo rubuce-rubucen ɗan Tafa a sanya su cikin manhaja. Marubutanmu na waƙa da ƙagaggun labarai kuma su sani cewa tambayar ko mutum yana iya sauya abin da yake, wadda kowane labari mai ma'ana yake zagayawa a kanta, tana da tsohon tarihi a cikin littattafan da ke jibge a zaurukan unguwanninsu. Malaman zaure da suka riƙe waɗannan littattafai shekara da shekaru suna nan da ransu, kuma ƙofofinsu a buɗe suke. Allah Ya ba mu ikon karantawa kafin mu yanke hukunci, amin.